Sunaye Biyar Na Gwaji

Duk wanda ya ce zai yi wa tukunyar boka wayo, ku tambaye shi da me zai biya ranar da wayon ya ƙare.

Oga Waya ake ce masa, shugaban sashen kwamfuta a wani kamfanin dillancin kaya. Shekara tara yana riƙe da ma'aikata shida da ɗakin sanyi guda, inda manyan na'urori ke gurnani. In komai na tafiya ba mai tuna shi. Intanet na ɗaukewa minti biyar, har mai shara sai ya harare shi. Matarsa kan tsokane shi, wai ya san sirrin kowa a kamfani, hanyar arziki ce kawai ta ɓace masa.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, bayan wata rusasshiyar masana'anta. Ɗaki ba taga, ƙahonni a rataye, baƙar tukunya da ƙwarya kife a bakinta, ƙwaryar na motsi ba iska. Boka ya ce kujerar darakta da dukiya duk mai sauƙi ne. Sharaɗi ɗaya: duk wata uku ya goge suna guda daga rajistar ma'aikata da hannunsa, mai sunan ya zama na tukunya.

"Kowane suna, Baba?"

"In dai yana ciki, ɗana."

"Ko wanda ba ya zuwa aiki?"

"Tukunya ba ta duba wa ya zo aiki."

Ya fito yana murmushi. Akwai sunayen bogi biyar da ya buɗe ranar da ya kafa tsarin, Gwaji Ɗaya zuwa Gwaji Biyar. Ba mutum, ba jini.

Ya goge na ɗaya, ya hau kujera. Mahaifiyarsa ta rasu, aka ce tsufa. Na biyu, ya gina bene. Ƙaninsa ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Na uku, matarsa ta daina amsa sunanta, ta koma hira da bango.

Sai a lokacin ya buɗe Gwaji Huɗu ya leƙa ciki. Cikakken sunan 'yarsa ne, da ranar haihuwarta. Ya tuna: na'urar ta ƙi karɓar gurbi ba komai, shi kuma don sauri ya zuba sunayen 'yan gidansa, waɗanda ya haddace. Na biyar shi ne.

Ya maido da ukun daga ajiya, ya ruga wurin boka.

"A na'urarka ka maido su," in ji boka. "Tukunya ba ta amai. Kuma ta ɗanɗana na gida, ba za ta karɓi bare ba."

Ranar wa'adi ya tsallake na huɗu, ya goge na biyar.

Har yau yana nan bakin ƙofar kamfanin, yana danna yatsu a kan kwali. 'Yar kan kawo masa abinci, ya dube ta ya tambaya 'yar wace ce.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kai mai ganin ka fi kowa sanin makama, ka sani boka bai taɓa sayar da abu a kan asara ba.