Dutsen Tsakiya

Ku matso. Ladidi, in za ki yi kuka ki tafi wajen Inna tun yanzu, ba na son raki.

Kun san tsohon cocin dutse na bayan tashar jirgi, wanda masu shi suka gina sabo suka bari. Saman ƙofofinsa a lanƙwashe yake kamar baka mai tsini, tagoginsa dogaye sirara. Ko tari ka yi a ciki sai rufin ya maido maka.

Kawu Tanimu magini aka kira ya duba tsagar da ke babban bakan. Lokacin bai daɗe da rasa matarsa ba, ba ya son zaman gida. Ya tafi shi kaɗai, da rana tsaka.

Ya yi sallama, ginin ya maido masa. Sai aka ce, "Wa alaika."

Wani tsoho ne a kan tsani, ya tallafe dutsen tsakiyar bakan da tafin hannu. In dutsen nan ya zame, bakan duka ya rushe.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, magini. Tun da suka daina waƙa a nan nake riƙe da shi. Karɓe ni in huta."

Kawu ya taka tsani. Sai ya lura: tasa muryar tana dawowa, ta tsohon ba ta dawowa. Ya gane in ya karɓa, ya tsaya ke nan sai wani ya zo.

"Baba, a sana'armu ba a tare dutse da hannu."

Ya ɗauko azara ya tokare dutsen. Tsohon ya sauke hannunsa a hankali, yana kallon ƙofa.

"Kai ma tafiya za ka yi?"

"Ina da yara."

"To, bar min sallamarka. Shirun ya yi yawa."

Wallahi tausayi ya kama Kawu, don ya san shirun nan a ɗakinsa. Ya sake sallama. Ba ta dawo ba. Har ya rasu, ko a rijiya ya yi magana ba ta amsawa.

Bara na bi ta wajen da azahar. Na ji muryar Kawu a ciki tana sallama, tsohon yana amsawa. Na tsaya na yi kuka.

Kada wanda ya bi bayan tasha shi kaɗai. In kun ji Kawu, kada ku amsa.