Foldar Muryar Shafa'atu

Bayan la'asar Lawal ya zauna gaban kwamfutarsa a falon gidansu na bene da ke unguwar Thamesmead a ƙasar Turawa, kamar yadda ya saba tun sati uku. Wata shida ke nan da rasuwar matarsa Shafa'atu. Hotunanta da saƙonnin muryarta duk ya tara su a wani baƙin akwatin ajiya da ke jone da intanet ɗin gidan, a cikin kabad ɗin ƙofar shiga. So yake manhajar da ya saka a kwamfutar ta ɗauko foldodin daga akwatin, ta buɗe wa danginta na Dambatta su ji ta a wayoyinsu. Mahaifiyarta ta tsufa, kullum sai ta tambaya.

Ya haɗa akwatin da kwamfutar, ya gyara izinin shiga, ya sake gyarawa. Foldar hotuna ta buɗe. Ta murya kuwa, duk lokacin da ya taɓa ta sai ta fito fayau, alhali akwatin yana nuna cike take.

Rana na faɗuwa, tsakuwa ta fara dukan tagar falon, ɗaya bayan ɗaya. A hawa na bakwai suke.

'Yarsa Muhibbat, mai shekara sha tara, ta fito daga kicin a hankali, ta zauna ta jingina da ƙofar kabad ɗin. Yarinyar da sai da ƙyar take haɗa jimla biyu da Hausa ta buɗe baki da muryar namiji, Hausa tsantsa ta ƙauye.

"Bar ta a rufe."

Kwana uku ana haka, duk magariba. Muhibbat ta daina cin abinci. A rana ta huɗu Lawal ya ɗauko Malam Zulkiflu, wani dattijo mai ruƙiyya da ke Peckham. Malam ya yi alwala, ya zauna nesa da ita kaɗan, ya fara karatu. Bai daɗe ba ta soma karkarwa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai sauraron Shafa'atu. Tun tana 'yar shekara bakwai nake biye da ita. Ban taɓa ta ba, ban nuna mata kaina ba. Muryarta kawai nake ji. Yanzu wannan zai rarraba ta a wayar kowa?"

Lawal ya manta da tsoro.

"Matata ce! Shekara ashirin da biyu muna tare!"

"Rabinsu kana ofis. Ka san waƙar da take yi idan tana yanka albasa?"

Lawal bai sani ba. Bai ma san tana waƙa ba.

Malam ya ɗaga murya da karatu, aljanin ya yi ta ihu yana cewa an ƙona shi. Can ya ce zai fita, amma a bar masa abu ɗaya. Akwai ranar da wayar Shafa'atu ta ɗauki sauti bisa kuskure, minti goma sha ɗaya, tana waƙa ita kaɗai a gida. Wannan yake so.

Malam ya dubi Lawal. "Zan iya ci gaba da karatu, amma jikin yarinyar ya gaji."

"Bari in ji sau ɗaya tukuna," in ji Lawal.

"A'a. Ba don kai ta yi ba."

Numfashin Muhibbat yana sama-sama, idanunta sun juye. Lawal ya dube ta, ya ce wa aljanin:

"Ɗauki."

Ta yi atishawa sau uku, ta zube. Da ta farka ta ce, "Abba, I'm hungry."

Washegari foldar ta buɗe da taɓawa ɗaya. Saƙo ɗari huɗu da goma sha biyu ne a ciki, babu mai tsawon minti goma sha ɗaya. Kafin azahar surukarsa ta kira daga Dambatta tana kuka tana sa masa albarka. Ya bari ta gama.

"Inna, wace waƙa Shafa'atu take yi tana yarinya?"

Tsohuwar ta ce:

"Shafa'atu? Ɗan nan, ai ni ban taɓa jin ta yi waƙa ba."