Goron 'Yan Ikuku

"Ka sake yi wa babanka maganar?"

Somadina bai ɗago ba. Gam yake shafa wa ƙasan takalmin da ke kan cinyarsa, a hankali, kamar ba da shi ake ba.

"Soma! Da kai nake!"

"Na yi."

"Ya ce me?"

"Abin da ya saba. Kowace mace a garin Aba, ban da 'yar Uzodinma."

Uloaku ta shigo rumfar, ta ture tarin fatu ta zauna a kan benci. Ƙarar guduma da keken ɗinki ta cika layin masu takalma na kasuwar Ariaria. Nan ne kawai take iya kuka ba wanda ya ji.

"Nawa ma haka. Jiya ina ambaton sunanka ya tsame hannu daga tuwon akpu ya tashi. Wai in je in yi addu'a. Addu'ar me? Me muka yi musu?"

"Mu ba mu yi ba. Su suka yi wa juna."

"Sai mu tsufa muna jiransu ke nan? Kai mutum ne ko dutse? Ka ce wani abu mana!"

Ya ajiye takalmin.

"Nkem, tawa ni kaɗai... ina sonki. Sauran ban san yadda ake faɗa ba."

Ta harare shi da jajayen idanu, sannan ta jingina kanta da kafaɗarsa.

Duk wanda ya yi samartaka a Aba bayan yaƙin basasa ya san Ikuku. Samari huɗu masu kiɗan rok, gashi buzu-buzu, wando mai faɗin ƙafa. Uzodinma ke waƙa. Nwakanma, baban Soma, shi ke jita, yana sa ta kuka har 'yan mata su hau kan tebur. Ana tsakiyar yayinsu Uzodinma ya shiga motar Legas shi kaɗai, ya yi faifai da sunansa, ko sallama bai yi ba.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Mai ganga ya tafi Amurka, can ya rasu. Na huɗunsu ya ƙare a kiɗan otal. Uzodinma ya yi suna, daga baya ya koma waƙoƙin coci har ya zama fasto. Nwakanma faifai ɗaya ya yi. Ragowar da ba a saya ba suna ƙarƙashin gado, ɓeraye sun cinye kwalayen. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka rataye jitar a bango.

Shekara talatin da wani abu ba su ce wa juna ina kwana ba.

Uloaku ta fara rera wani abu a maƙoshi, ba kalmomi, don kawai ta lallashi kanta.

Soma ya daskare.

"A ina kika ji wannan?"

"Wanne? Oho... kaset ɗin Papa ne. Ba rubutu a jikinsa. Duk Asabar in zai wanke mota sai ya kori direba ya kunna shi. Wannan waƙar kaɗai yake ta maimaitawa."

"Hayaƙin Gidanmu ce."

"Ta wa?"

"Ta babana."

Ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ƙarya kake!"

"Shi ma in maƙwabta suka kunna Titin Fatakwal, ta farkon da babanki ya yi a Legas, zagin duniya yake yi. Amma bai taɓa cewa a kashe ba. Yatsunsa na hagu suna motsi a kan zanin gado har ta ƙare."

Uloaku ta miƙe, tana dariya hawaye na zuba.

"Tsofaffin banza! Ashe kewar juna ke cinsu! Soma, in muka shirya su, shi ke nan fa. An gama!"

"In ya yarda ya zo."

"Bai san da ciwon ba. Yau zai sani."

Ran Talata da rana Uzodinma ya zo, Dee Uzo kamar yadda ake kiransa don girmamawa, cikin ruwan sama. Motarsa ta kasa shiga layin saboda taɓo, sai da ya naɗe ƙafar wando ya tako, Uloaku na riƙe masa da lema.

Nwakanma na zaune a kujerar roba a falo, hannun damansa kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon mutumin da ya cika ƙofa.

"Soma, wa ya ce maka na mutu, ka kirawo fasto?"

"Ko ka mutu ba ni zan binne ka ba," in ji Dee Uzo. "Ƙasa ma sai ta tofo ka."

"Dubi tumbi! Kai ne siririn da ke tsalle daga kan lasifika?"

"Dubi sanƙo! Ina gashin da kake hana mu taɓa matajinsa?"

"Legas ta kira ka, ka zo ka yi mana sallamar da ka manta?"

Ruwa na dukan kwano.

Dee Uzo ya ƙaraso ya durƙusa a gaban kujerar, da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ɗauki mataccen hannun ya riƙe.

"Nwaka... wannan hannun? Wannan?"

"Ya gaji. Ya yi ritaya bai gaya mini ba. Halinku ɗaya."

Dee Uzo ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

"Na ji tsoro ne. Sun ce murya kawai suke so. Na kasa kallon idonka in faɗa."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar. Jira nake ka faɗa da bakinka, kai kuma bakinka sai waƙa."

Soma ya kawo goro a faranti. Uloaku na bakin labule, ta toshe baki da mayafinta.

"Faifanka fa," in ji Dee Uzo, "sau uku ina saye a ɓoye."

"Ashe kai ne! Na yi ta mamakin su waye mutum ukun nan."

"Hayaƙin Gidanmu... duk abin da na rera a duniya, har na coci, Allah ya yafe mini, bai kai ta ba."

"Ƙarya kake, fasto. Titin Fatakwal ta fi ta. Sai dai mai jitar da suka ba ka, da tsintsiya yake kiɗa."

"Nuna mini yadda ya kamata."

"Da wane hannu?"

Dee Uzo ya dubi bango. "Ɗana, sauko mana da ita."

Soma ya sauko da jitar, ya goge ƙurar da gefen rigarsa. Aka ɗora ta a cinyar Nwakanma. Dee Uzo ya ja kujera ya manne da shi ta dama. Nwakanma ya danna wayoyi da hagunsa, Dee Uzo ya kaɗa masa.

Da fari shirme ya fito.

"Jira ni mana, ɗan gaggawa! Har yau ba ka iya jira ba!"

"Kai ne kake jan ƙafa!"

Sai ta daidaita. Mutum biyu, jita ɗaya. Muryar Dee Uzo ta fito a shaƙe, ta tsufa, amma ita ce. Soma ya ga ɓarin fuskar babansa da ya shanye yana ƙoƙarin murmushi. Tun da ciwon ya same shi bai ga haka ba.

Uloaku ta yi masa alama da ido. Yanzu.

Ya durƙusa a gabansu.

"Papa... Dee... tunda Allah ya haɗa ku. Ina roƙon izini in kawo bammi gidan Dee, mu ƙwanƙwasa ƙofar neman aure. Ni da Uloaku..."

Kiɗan ya tsaya.

Tsofaffin suka dubi juna, kowa na jiran ɗan'uwansa.

"Ba ka gaya masa ba?" in ji Dee Uzo.

"Kai ka gaya mata?"

"Gaya mana me?" Uloaku ta shigo tsakiyar falon. "Papa, mene ne?"

Nwakanma ya ɗaga babban yatsansa na hagu. Akwai wani farin tabo siriri a jiki. Soma ya san shi tun yana yaro, ya ɗauka na wayar jita ne kawai. Dee Uzo ya ɗaga nasa. Iri ɗaya.

"Da yaƙi ya ƙare, ba wanda ya rage mini," in ji Nwakanma. "Shi ma haka. A wani ajin makaranta da ba rufi muke kwana, mu huɗu. Ranar da muka samu jita ta farko, muka tsinke waya ɗaya muka yanka yatsu. Muka ɗiga a kan goro, muka raba, muka ci."

"Igba ndu," in ji Dee Uzo a hankali. "Alkawarin jini. Muka ce jininmu ɗaya daga yau. Ɗanka ɗana, 'yarka 'yata."

"Ba aure tsakanin jini ɗaya, Soma."

Uloaku ta yi baya har ta bugi bango.

"Ba ƙiyayya ba ce? Duk wannan lokacin..."

"Yaya zan ƙi ɗan Nwaka? Ai ɗana ne."

"Amma kun yi shekara talatin ba kwa magana!"

"Faɗa muka yi," in ji Nwakanma. "Ba mu warware ba."

"Papa, kai fasto ne! Kai kake wa mutane wa'azi su bar irin waɗannan abubuwan!"

Dee Uzo ya sunkuyar da kai.

"Na bar abubuwa da yawa a ƙofar coci, 'yata. Wannan na kasa. Shi kaɗai ya rage mini nasa."

Soma yana durƙushe har yanzu. Ya ji muryarsa na fita kamar ta wani.

"Ana warwarewa?"

Nwakanma ya dubi tabon yatsansa.

"Ana yi," in ji babansa. "A gaban dattawa. A fasa goro a watsar, kowa ya ce na mayar maka da jininka. Daga ranar mun zama baƙi. Ba cin abinci a kwano ɗaya. Ba ya shiga ɗakina, ba na shiga nasa. Wanda ya riga mutuwa, ɗayan ba zai zuba masa ƙasa ba."

"Ku kuma ku yi aurenku," in ji Dee Uzo.

Nwakanma ya zame jitar daga cinyarsa, ya jingine ta da kujera.

"Ban ba ka komai ba a duniya, ɗana. Suna ma ban bar maka ba. In ka ce a warware, gobe a kira dattawa. Ba zan riƙe ka a zuci ba. Uzo?"

"Abin da yaran suka ce."

Amma hannun Dee Uzo bai saki mataccen hannun ba. Ƙara damƙe shi ya yi, da alama bai ma san ya yi ba.

Soma ya tashi ya fita.

A baranda Uloaku ta same shi. Ruwa ya cika layin, yana tafe da ledoji da ɓawon lemo.

"Sun ba mu zaɓi," ta ce. "Ka ji su. Kalma ɗaya ce, Soma."

Soma ya ci gaba da kallon ruwan.

"Su suka yanka yatsunsu, ba mu ba! Ni ban ci goron kowa ba! Me ya sa mu za mu biya?"

"Haka ne."

"To ka shiga ka faɗa! Rabin raina, don Allah... ka shiga."

Ya juyo ya dube ta.

"Zo mu shiga tare. Ke ki faɗa, ni in tsaya a bayanki. Wallahi duk abin da kika ce, shi za a yi."

Ta kama hannunsa da ƙarfi, ta ja shi har bakin ƙofa. Ta ɗaga labule.

Dee Uzo ya buɗe kular da Soma ya ajiye tun safe, abincin da Nwakanma ya ƙi taɓawa. Yana gutsuro akpu, yana dangwalo miya, yana kai masa baki.

"Buɗe baki, tsohon banza."

"Ka wanke hannu kuwa?"

"Wanda ya ci ɓera da ni a daji yake tambayata wanke hannu!"

Nwakanma ya karɓa. Ya tauna. Miya ta zubo ta gefen da ya shanye, Dee Uzo ya share masa da hannun rigarsa mai tsada, sannan ya kai loma bakinsa shi ma.

Uloaku ta daɗe a tsaye. Ta buɗe baki. Ta rufe.

Ta saki labulen.

"Mugu," ta ce cikin raɗa. "Ka san ba zan iya ba."

"Ni ma na kasa. Shi ya sa."

"Ni na kawo shi, Soma. Da hannuna na riƙe masa lema..."

Kukan ya ƙwace mata. Ta kifa fuskarta a ƙirjinsa tana dukansa da hannu, duka marar ƙarfi. Bai hana ta ba. Nasa hawayen suna sauka cikin gashinta.

"In ka auri wata, kar ka gayyace ni."

"Dole ki zo. Ke za ki tsaya a gaba."

"A matsayin wa?"

Ya share mata hawaye da yatsa.

"Ƙanwa..."

Ta toshe masa baki da tafin hannunta.

"Kar ka ƙarasa! Ba yau ba."

Daga ciki Nwakanma ya ɗaga murya, da ƙarfin da Soma ya manta yana da shi.

"Soma! Me kuka yanke?"

Soma ya dube ta. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, idonta a rufe.

"Ku ci abincinku, Papa," ya ce. "Ba a kiran kowa."

Ta ɗauki lemarta amma ba ta buɗe ba. Ta sauka cikin ruwan, ta yi taku kaɗan, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Kira ni yadda ka saba. Sau ɗaya."

"Nkem..."

Kafaɗunta suka girgiza.

"Gobe sai ka fara wancan sunan."