Sanyin Ɗakin Ƙasa

Da la'asar sakaliya ma'aikata suka fitar da tsohuwar tukunyar kwal da ke ɗumama benen su Ekrem a garin Zenitsa. Suka kafa sabuwa mai gas, suka naɗe bututai da soso don kada zafi ya tafi a banza. Ɗakunan sama suka yi ɗumi. Ɗakin ƙasa kuwa, inda mahaifin Ekrem ya ƙarar da ƙarfinsa yana hura wuta har ya rasu a lokacin kaka, ya yi sanyi ƙalau.

Ana kiran magariba guntun kwal ya faɗo cikin miyar waken su Ekrem. Wani guntun ya biyo shi, ga tagogi a rufe. Daga cikin bututun bango aka fara jin tari ƙasa-ƙasa, irin na yara.

Zumreta, ƙanwar Ekrem, ta ajiye cokali. Leɓɓanta suka yi shuɗi. Bargo kan bargo, jikinta kamar ƙanƙara, numfashinta na ja baya.

Ekrem ya ɗauko Malam Hamdiya, tsohon limamin unguwa. Malam ya daɗe yana karatu a kanta kafin bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ku da kuka ƙoshi da ɗumi, har ragowar ma sai kun ɗaure?"

"Baiwar Allah, me yarinya ta yi miki?"

"Jikinta na da zafi. Jikokina na daskarewa a ƙasa. Kai liman, kira mini mai shebur, shi ya san mu. Kullum sai ya bar mana ƙofar murhu a buɗe kaɗan, ya ce a kwana lafiya."

Ekrem ya matso kusa da ita. "Baba ya rasu, Iya."

Tarin cikin bango ya tsaya. Hawaye suka gangaro daga idon Zumreta.

"Ba wanda ya gaya mana," in ji muryar.

Malam ya sassauta. "Me zai raba ki da ita?"

"A kwance bututan duka."

"Kin cika ciniki. Kamu ɗaya za a kwance."

"Kamu ɗaya, marowaci. Amma ɗan mai shebur zai yanka."

Ekrem ya sauka ɗakin ƙasa da wuƙa, ya yaye soso kamu guda. Daga sama ya ji Zumreta ta yi atishawa, tana kiran mamarsu.

Ya jima a tsugune, tafinsa kan ƙarfen mai zafi. Da ya ji wani ƙaramin sanyi ya raɓo gefensa, sai ya matsa, ya ba shi wuri.