Ruwan Kifin Issifou

Issifou kuku ne, shekara tara yana yi wa wani Bature girki a unguwar Cacavéli. Da Baturen zai koma ƙasarsu, bai bar masa komai ba sai akwatin gilashi da jajayen kifaye shida a ciki. Wani da haushi zai ji. Shi kuwa Issifou a amalanke ya turo abinsa har Zongo, yana ta washe baki. Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kifayen su taso cin abinci.

Ƙa'ida ɗaya Baturen ya koya masa. Ruwan pampo akwai javel a ciki, wato maganin nan mai wari da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, javel kuwa kashe kifi yake yi. Sai a tara ruwan a duro, a bar shi a buɗe kwana biyu har warin ya fita, sannan a zuba wa kifi.

To, a nan fa aka samu matsala. Matarsa Barakatu tun tana yarinya ba ta taɓa barin ruwa a buɗe da magariba ba. Da rana ta yi ja, sai ta yi bisimilla ta kifa wa duron murfin ƙarfe mai nauyi. Wari ya ƙi fita. Kifaye biyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura ƙaramin cikinsu.

Ranar da Issifou ya gano dalili, ya fizge murfin ya yi jifa da shi bakin murhu.

"Kika ƙara taɓa duron nan, wallahi gidan ubanki za ki kwana!"

"Maigida," in ji ta a hankali, "ruwan da ba murfi, ba mu kaɗai ke shan sa ba."

Tsaki ya ja. Ta bar murfin a inda ya faɗi, don ta san halinsa.

A magariba ta biyu ya fito tsakar gida da bokiti. A filin makaranta matan jam'iyya na gwajin rawa, ganguna na tashi. Ladan ya fara kiran salla. Issifou ya sunkuya ya shinshina ruwan. Ba warin javel ko kaɗan, har ya yi murmushi.

Sai wani wari ya buge shi. Ƙarnin taɓo, irin na bakin tafki bayan ruwan sama.

Ruwan ya yi baƙi. Da safe yana ganin gindin duron, yanzu ba ya gani. Ba iska, amma saman ruwan yana motsi.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Daga cikin duron ƙarar ta fito.

Mai hankali da ya ja da baya. Amma Issifou ya tuna kifinsa ɗaya tak yana can cikin ruwa mai dauɗa, ya tura bokitin.

Aka cafke hannunsa.

Hannu ne mai sanyi, mai santsi, yatsunsa sun zagaye wuyan hannun Issifou har sau biyu. Aka fizge shi. Bakinsa ya daki bakin duro, haƙori ya fita. Aka dulmiya kansa. Ya buɗe ido a cikin ruwan, ya ga duron ba shi da gindi, can ƙasa kuma wata fuska mai faɗi tana kallonsa, ba ta ƙiftawa.

Ya tokare ƙafa ya fizgo kansa.

"Barakatu!"

Ganguna suka cinye ihun.

Aka ɗaga shi aka maka da bango, ba a sake shi ba, hannun nan miƙewa kawai yake yi kamar roba. Aka maka shi da tagar ɗaki. Akwatin gilashin da ke bakin tagar ya faɗo ya tarwatse. Aka ja shi a ƙasa a kan fasassun gilasai, jini na bin sa, har bakin duron.

Barakatu ta fito da gudu, ta wawuro murfin.

"Ciro hannunka!"

"Ya ƙi!"

Ya ja, ya ja, har saura yatsu a cikin ruwan. Ruwan ya fara kumburowa. Wani abu mai gashi ya leƙo.

Ta runtse ido.

"Bisimillahi."

Ta maka murfin da dukkan ƙarfinta, ta haye kai ta zauna.

Issifou ya faɗi baya yana kururuwa. Yatsu biyu suka rage a hannunsa na dama, murfin ya datse sauran ukun sun faɗa cikin duron. Gefensa ƙaramin kifin yana ta tsalle a ƙasa, har ya daina.

Ya warke, amma girki ya gagare shi. Ruwa kuwa, in ba ya warin javel ba ya kai shi baki. Duron yana nan a tsakar gida, an ɗora masa dutsen niƙa. Ƙarti huɗu sun gwada ɗaga duron su kai shi daji, ko motsi bai yi ba.

Da rana ta yi ja, Issifou da kansa ke zagaya gida yana rufe tulu da randa da buta. In ya zo wucewa ta wajen duron sai ya ƙara sauri, don yana jin ana kiransa daga ciki. Sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya san yatsun da ke yi.