Wanda Aka Ba Waya Ya Ɗauki Hoto

Tun da yayar Auta ta sayi sabuwar waya ta koma Madam. Ranar da suka je layin gidajen rawa da dare, ta dage sai an ɗauke su hoto ƙarƙashin fitilu, ta miƙa wa wani dogo mai fararen kaya wayar.

"Yaya, ba mu san shi ba fa," in ji Auta.

"Ƙauyanci ke damunki. Yi murmushi."

Auta ta san ɓarawon waya ƙafarsa ke fara tona shi, sai ta sunkuyar da ido.

"Ku matso," ya ce, murya kamar daga cikin rijiya.

Tsakanin bakin wandonsa da kwalta, babu komai sai hasken fitilun tsallaken titi.