Ba A Huda Bangon Baba Fanch

Ranar da Gwendal ya fara ganin Soazig, tana tsaye a kan kujera a tsakiyar kicin, ta ɗaga kwamfuta sama tana zazzaga mata masifa.

"Kai ne mai gyaran intanet?" ta ce ba tare da ta sauko ba. "Ko ka gyara, ko in jefa abar nan a teku."

Bawan Allah, kallo ɗaya ya yi mata ya manta abin da ya kawo shi.

Gidan su Soazig irin tsofaffin gidajenmu ne na gaɓar tekun Finistère a Faransa, bangon dutse mai kaurin da ya fi tsawon hannu. Akwatin intanet yana kicin kusa da kujerar mahaifinta, Baba Fanch, sabis kuwa ko ƙofa ba ya ƙetarewa. Ita daga kicin ɗin take yi wa wani kamfani na birnin Rennes aikin zane, kuma an ja mata kunne: in aka sake jin tsoho yana faɗa da kyanwa ana tsakiyar taro ta intanet, sai dai ta tattara ta koma birni.

"Abu mai sauƙi ne, Baba," in ji Gwendal. "Rami ɗaya zan huda, in ja waya zuwa ɗakinta na sama."

"Ka huda me? Kakana ne ya ɗauko duwatsun nan a kafaɗarsa. Iskar teku ta buga ta gaji, sai kai ɗan jiya?"

Dole Gwendal ya kawo ƙananan na'urorin nan da ake maƙalawa a soket su miƙa sabis ɗaki zuwa ɗaki. Yana nan suna aiki, ya juya baya su mutu. Ya dawo, ya duba, ya rantse lafiyarsu ƙalau. Kai, abin ya ishi kowa! Amfaninsa ɗaya, duk zuwan da zai yi sai Soazig ta ajiye masa kofi da burodi da man shanu mai gishiri, hira ta yi nisa har kofin ya huce.

Da tsohon ya lura, sai ya kafa ƙahon zuƙa.

"Wanda ya kasa riƙe sabis ne zai riƙe mace? Ba da 'yata ba."

Ga kuma Thibault, abokin aikinta mai baƙin iyayi, kullum cikin yi mata waya yake wai gidansa na Rennes intanet ko a banɗaki gudu yake.

Gwendal ya ga za a yi babu shi, ya tura mata saƙo:

"Tsuntsuwata, ni ban iya magana ba. Kada ki tafi Rennes. Ki aure ni."

Tana ɗakinta na sama ta mayar masa:

"Sakarai kawai. Tun yaushe nake jira? Na yarda, Gwen ɗina."

Babu sabis a saman, saƙon ya maƙale a wayar, ita kuma ba ta lura ba. Shi yana can yana cin rai an ƙi shi, ita tana nan tana kumburi an ji amsarta an yi gum. Haushi ya sa ta ɗauko akwati.

Ranar da za ta tafi, Gwendal ya zo kwashe kayansa ba tare da ya sanar ba. Yana shiga ya tarar da Baba Fanch a durƙushe a matattakala yana zare na'ura daga soket, wata kuma tana leƙowa daga aljihunsa.

"Haba Baba! Ashe kai ne? Har na fara zargin kaina da hauka!"

Soazig ta sauko da akwatinta, ta tsaya tana kallon su.

"Wuta suke sha," in ji tsohon.

"Baba, faɗi gaskiya," in ji Soazig.

Ya daɗe yana juya na'urar a hannunsa.

"In abin nan ya hau sama, ke ma kin hau ke nan. Tun da mahaifiyarki ta rasu ke ce motsin kicin ɗin nan. Da wa zan wuni, da kyanwa?"

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma bai sake ta ba.

"To ga shi wayonka bai tsayar da ni a kicin ba, Rennes yake shirin kai ni." Ta juyo kan Gwendal. "Kai kuma, mace ta ce ta yarda sai ka ɓace?"

"Yaushe kika ce?"

Ta buɗe waya ta nuna masa, sai ga jar alama a gefen saƙon, ashe bai tafi ba. Gwendal ya karanta, ya sake karantawa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Baba Fanch ya dubi akwatin 'yarsa, ya dubi bangon.

"Ɗauko injin hudawar. Amma bangon kakana ɗan gida ne kaɗai zai taɓa shi."

Gwendal ya ɗauko ya miƙa masa. Tsohon ya ƙi karɓa.

"Ni da wannan hannu mai rawa? Huda mana, me kake jira?"

Da bazara aka ɗaura aure a ofishin magajin gari, aka ci aka sha a farfajiyar gidan. Yanzu Soazig a sama take aikinta, ta sauko shan kofi da hantsi, ta tarar da mutanen biyu suna gardama. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ƙara wa Gwendal haƙuri, don da irin wannan suruki zai buƙace shi.